Hancin Murata

Baffanku Injiniya Nasiru ya kore ni daga gidansa na Al Gharrafa a tsakiyar kullen korona, sannan ya kira Inna ya ce mata ni na fita da ƙafata na tafi aikin gidan giya. Abin da ya yi min ke nan. Na fara da shi ne don kada ɗayanku ya karanta rabin takardar nan ya ajiye bai kai wurin ba. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya da shi. Ni na bar makaranta ina aji biyu a sakandare na koma kwalekwalen Baba a Yauri lokacin da ƙafarsa ta lalace, don shi ya ci gaba da karatu. Da kifin da na kama aka saya masa takalmin jami'a. In kun ce gori nake yi, to gorin ne, na gaji da shiru.

Shi ya kawo ni Doha, wannan ba zan ɓoye ba. Ya kawo ni a matsayin direban gida, ya ba ni ɗaki kusa da garejin mota. Shekara uku ina kai 'ya'yansa makaranta, suna kirana Malam Hamisu, don ba a gaya musu ni wan ubansu ba ne. In baƙi sun zo sai ya ce, ai direbanmu ɗan gida ne. Na haɗiye. Na ce abinci na zo nema wa Hauwa da Sadiku da Bilki, ban zo neman a kira ni Yaya ba. Da cutar ta zo aka rufe gari, kowa ya shige ɗaki, ni kaɗai nake fita da takunkumi a fuska ina sayo musu madara da kaji da ruwan wanke hannu. Wata safiya na yi tari sau biyu ina wanke mota. Kafin azahar na tarar da jakata a bakin ƙofa, shi kuma yana tsaye can nesa a kan matakala.

"Yaya, ka fahimce ni. Akwai yara a gidan nan."

Ran nan ne ya fara ce min Yaya a ƙasar.

"Ni ba ni da yara ne, Nasiru?"

"Naka suna Yauri."

Na ɗauki jakata. Gwaji ya nuna ba ni da komai, ƙura ce kawai. Ban koma na nuna masa takardar ba, shi ma bai tambaya ba.

Wasu masu gadi 'yan Katsina da Bauchi suka ba ni katifa a ɗakinsu a Al Muntazah, muka zama mu biyar. Ɗaya daga cikinsu ya ji labarin wani ƙaramin gidan abincin Japanawa a Al Sadd yana neman direba, tunda an hana zama a ci, sai dai a kai wa mutum gida. Kafil ɗin wurin, wato mai ɗaukar nauyin ma'aikata baƙi, Balaraben ƙasar ne, ya karɓi takarduna, Nasiru kuwa ya sa hannun sallama da saurin da ban taɓa ganin ya yi komai da shi ba. A bakin ƙofar wurin akwai wasu ganguna biyu naɗe da tabarmar ciyawa, da rubutun Japanawa a jiki. Irin waɗanda ake zuba giyar shinkafarsu ne a can ƙasarsu, wadda suke kira sake, amma waɗannan ado ne kawai, fanko ne, ko gindi ba su da shi sosai. Gidan abincin da yake kan titi a Doha ba ya sayar da giya, kowane yaro a garin ya san haka. Ranar da aka ce a shigar da su ciki na ɗauki ɗaya da hannu guda na ɗora a kafaɗa, wani abokin ɗakina da ya rako ni ya ɗauke ni hoto don raha, ya sa a waya yana cewa ga Hamisu mai ƙarfi. Hoton ya zaga har ya kai wa Nasiru.

Ku riƙe wannan da kyau. Nasiru ya je Japan sau biyu a kan aikinsu na gas. Ya san gangunan fanko ne, ya san dokar garin da yake zaune. Amma a lokacin Inna tana kiransa kullum tana masa faɗa a kan ya jefar da wansa a titi, yana neman abin da zai rufe mata baki. Sai ya tura hoton zuwa wayar maƙwabciyarta, ya bi da bayani.

Inna ta kira ni ina cikin mota da abincin wani a kujerar baya.

"Hamisu, da wannan za ka ciyar min da jikoki?"

"Inna, wallahi babu komai a ciki. Ado ne."

"Nasiru ya je ƙasarsu ya gani da idonsa, ya ce na giya ne. Shi ya yi karatu ko kai?"

Kafin in buɗe baki ta ci gaba.

"Kada ka ƙara aiko min da ko ƙwayar shinkafa sai ka bar wurin. Kuma kada ka kira ni."

Na tsaya a gefen titi na daɗe. Barin aikin ba wuya, sai dai a wancan lokacin babu wani aikin, mutane ana ta kwashe su a jirgi ana mai da su gida. Amma ba ma wannan ne ya tsayar da ni ba. Na ga cewa in na bari, na amsa laifin ke nan. Har in mutu za a ce Hamisu ya taɓa aikin giya ya tuba. Ni kuwa ban yi ba, ban ga abin da zan tuba a kai ba. Na ta da mota na kai wa mutumin abincinsa ya huce, ya zage ni da Turanci, na ce na gode.

Kun san kuɗin da muka biya, don da ku aka biya. Buhun shinkafar da mahaifiyarku ta kai wa Inna da sallah, a baro aka dawo da shi da rana tsaka kowa yana kallo. Sadiku, ka fasa wa wani yaro baki a islamiyya, aka ce jinin mashaya ne yake tashi. Hauwa, ke kika rubuto min layi ɗaya, kika ce Baba da gaske ne, na rubuta amsa na goge ya fi sau goma. Mahaifiyarku ce kaɗai ta ce, mutumin da ko goro ba ya ci. Fiye da shekara biyu ban ji muryar uwata ba. In na kira ta ji ni ne sai ta miƙa wa wanda yake kusa.

Mai dafa abincin wurin wani dattijo ne Bajapane, sunansa Murata. Gajere, da farin ƙyalle ɗaure a goshi, ba ya magana sai dole. Turancinsa da nawa duk guragu ne, sai mu cika da yalla da khalas na Larabawa, wato mu je da shi ke nan, da nuni da hannu. Watannin farko ko kallona ba ya yi, ni mai ɗaukar leda ne. Sai cutar ta kama shi. Ya yi makonni ba ya nan, ya dawo ya rame kamar an matse shi. Wata safiya aka kawo kifi a akwatin ƙanƙara, ni na shigo da shi. Tun daga ƙofa na ji. Ɗan Sarkawa ba sai ya buɗe akwati ba. Kifin bai ruɓe ba, amma ya juya, ya fara wannan ɗan zaƙi-zaƙin da yake zuwa kafin wari. Murata ya buɗe, ya kai hanci har yana taɓa fatar, ya gyaɗa kai, ya jawo wuƙa. A wurin nan ɗanye ake cin kifi. Na tsaya na ce a raina ba ruwana, ni direba ne. Sai kuma bakina ya riga ni.

"Oga, wannan kifin ya kwana a hanya."

Ya ajiye wuƙar. Ya dube ni kamar yau ya fara ganin ina da fuska. Ya ja ni ɗakin ajiya ya rufe ƙofa, ya ce in rufe ido. Ya dinga kawo abubuwa bakin hancina ɗaya bayan ɗaya, ina faɗa. Citta. Lemon tsami. Man riɗi. Shinkafar jiya. Wannan kifin na yau ne, wancan na shekaranjiya. Da na buɗe ido na ga ya zauna a kan buhu. Ya taɓa hancinsa, ya taɓa harshensa.

"Khalas," ya ce. "Tun asibiti. Babu."

Shekara arba'in yana wannan aiki, ya dawo ba ya bambanta ƙanshin miya da na ruwan famfo. In kafil ya ji, jirgi za a sa shi. Ya tambaye ni a ina na san kifi. Na ce a cikinsa aka haife ni, kafin in san harafi na san giwan ruwa da karfasa da tarwaɗa. Ya miƙe ya sunkuyar min da kai har ƙasa-ƙasa, tsoho mai furfura. Ban san inda zan sa kaina ba. Tunda na zo ƙasar babu wanda ya taɓa min ko rabin haka.

Daga ran nan na zama hancinsa. Bayan sallar asuba in ɗauke shi mu je kasuwar kifi, shi ya duba ido da fata, ni in buɗe kunnen kifin in shinshina, in danna ciki da yatsa. In na ɗaga gira sai ya wuce kamar shi ya ƙi. Masu kifi suka fara cewa tsohon nan ba a cutarsa. In mun dawo ya haɗa romo, ya zuba a ɗan kofi ya ajiye a gefe kamar ya manta, in zo wucewa in kurɓa in ce gishiri kaɗan, ko in ce ya yi. Sauran ma'aikata ba wanda ya gane. Amma kafin harshena ya yi masa amfani sai da ya koya masa yadda abin ya kamata ya kasance, don ni ban taɓa cin irin abincin nan ba. Ranar da ya fara miƙo min ɗanyen kifi a kan dunƙulen shinkafa, na ce masa a garinmu ko mage sai ta yi tunani. Sai da na tambayi wani malami ɗan Zariya da yake koyarwa a nan, ya ce halal ne, cikinka ne kawai zai yi fatawa. Na rufe ido na jefa. Akwai wani koren yaji da suke shafawa a ƙarƙashi, shi ba ya tsayawa a harshe, hanci yake hawa kai tsaye har ƙwaƙwalwa. Hawaye suka zubo min, Murata ya yi dariyar farko da na taɓa ji a bakinsa. Da yajin ya sauka sai na ji kifin. Shekara talatin ina kama kifi ina bandarsa ina soya shi, ashe ban taɓa jin ɗanɗanonsa shi kaɗai ba, sai da manja da barkono a kai.

Na ci ganyen teku. Na sha wata miya ta waken da aka tsima. Na ci ƙwai da aka naɗe kamar tabarma da ɗan zaƙi a ciki, wannan har yau ban yarda da shi ba. Ya sa ni wanke shinkafa wata shida, a wanke a zubar har ruwan ya fito kamar ba a sa komai ba, ni da na fito daga garin shinkafa. Da ya ga na fede kifi irin namu na bakin kogi sai ya kama kai, ya ce ina yanka kamar kifin ya zagi ubana. Ya tsaya a bayana ya riƙe hannuna, ya nuna min yadda ake jan wuƙa sau ɗaya tak, daga gindinta zuwa baki, ba a komawa.

Ga wani abu da nake so Sadiku ya karanta sau biyu. A can ƙasarsu suna zuba ɗan giyar shinkafa a girki, a nan kuwa an hana, sai a kawo musu kayan haɗi na musamman da babu ita. Wata rana mai kawo kaya ya kawo katan na wani ruwan zaƙi da ake sa wa miya. Na buɗe kwalba ɗaya. Na yi tasi a Abuja kafin in zo nan, na ɗauki bugaggu sun yi min amai a kujera, na san warin nan ko an rufe shi da sukari.

"Oga, wannan akwai giya."

Ya ce ba zai yiwu ba. Ya sa tabarau ya karanta ƙananan rubutun bayan kwalbar, ya daɗe, sannan ya ce a mayar da katan ɗin gaba ɗaya. Tun daga ranar babu kwalbar da take shiga kicin sai ta bi ta hancina. Wato a shekarun da ake nuna ku da baki a Yauri ana cewa ubanku yana aikin giya, ubanku ne yake tsaye a ƙofa yana hana ta shiga abincin Musulmi. Na so in kira Inna in gaya mata. Wa zai miƙa mata wayar?

Sai gasar cin kofin duniya ta zo, gari ya cika har ba wurin taka ƙafa. Yayar Murata ta zo daga Japan, tsohuwa ce ta haura saba'in, ƙarama kamar 'yar tsana, da rigar ƙwallo shuɗiya har gwiwa. Na sa mata suna Gwaggo, ta karɓa, har tana nuna kanta tana cewa Gwaggo. Gidansu a can sana'arsu ke nan yin giyar shinkafa tun kakanni, ita take riƙe da wurin. Ta taho wa ƙanenta da kwalba ɗaya ta gidansu, a tunaninta in ya shinshina ƙanshin da ya tashi a ciki hancinsa zai farka. A filin jirgi aka karɓe, don ba a shigo da ita ƙasar. Na je ɗaukarta na tarar tana share hawaye da gefen rigar ƙwallo. Ni ban ji haushin masu karɓewar ba, dokarsu ce kuma daidai ne. Amma na ji tausayin tsohuwar, don na gane ba abin sha ta ɗauko ba, magani ta ɗauko a ganinta.

Murata ya ce in zaga da ita gari duk ranar da Japan ba ta da wasa, shi yana baya yana fassara. Na kai ta tsohuwar kasuwa, ta tsoma hanci a kowane buhun kayan yaji, ta tsaya wurin masu shaho ta ƙi tafiya sai da aka ɗora mata ɗaya a hannu. Na kai ta bakin teku muka hau jirgin katako, ta ga yadda na tsaya ba na riƙe komai, ta ce wannan ɗan ruwa ne. Na kai ta inda tudun yashi yake gangarowa har cikin teku, ta hau raƙumi tana ihu, da ya durƙusa ta ce a sake. A hanya take ba ni labarin sana'arsu, yadda ake wanke shinkafa cikin sanyin da yake fasa hannu, yadda ake kwantar da ita a ɗaki mai ɗumi ana juyawa kamar jariri. Na saurara, don aiki aiki ne ko da ba zan taɓa abin da yake fitowa ba. Na ce mata mu ma muna da kunun zaƙi, sai dai mu muna tsayawa kafin ya zama fitina. Ta yi dariya har tana dukan kujera. A gindin tudun nan ta fito da butar shayinsu kore, ta zuba min, na kai hannu zan ƙara wa kaina ta buge min hannu. A wurinsu mutum ba ya zuba wa kansa, sai na kusa da shi ya zuba masa, shi ma ya rama. Da nake zuba mata ta tambaye ni uwata tana da rai. Na ce tana nan. Ta ce ina kiranta kullum? Sai na ba ta labarin duka, Murata yana fassarawa, shi ma ran nan ya fara ji. Da na gama ta faɗi wata kalma ɗaya gajeriya. Na ce Oga me ta ce? Ya ce ba a fassara wannan.

Ranar wata Juma'a na gayyace su ɗakinmu a Al Muntazah bayan masallaci. Na ce shekara biyu ina cin nasu, yau su ci nawa. Na tuƙa tuwon shinkafa, na kaɗa miyar kuka da busasshen kifin da mahaifiyarku ta aiko. 'Yan ɗakinmu suna ta min tsiya, wai zan kashe baƙin ƙasa da yauƙi. Gwaggo ta tsuguna kusa da risho tana leƙen komai. Da na kwance ƙullin daddawa sai ta yi ƙara, ta fizge ta kai hanci. Ashe suna da irinta, waken da aka tsima har yana yauƙi, da shi suke karya kumallo. Ta juya tana kiran ƙanenta, ta tura masa ƙullin a fuska kamar za ta shaƙe shi. Ya kauce da farko, don ya gaji da a ce ya shinshina. Sai na ga ya tsaya. Ya kama ƙullin da hannu biyu. Ya ja numfashi, ya sake ja.

"Yana wari," ya ce. "Hamisu, yana wari!"

Ya zauna a ƙasa a kan tabarmarmu yana kuka da daddawa a hanci, yayarsa tana dukan bayansa, masu gadi huɗu suna tsaye da hannu a baki. Ɗan Bauchin nan ya ce, to ai mu mun daɗe da sanin tana wari. Ba duka hancin ya dawo ran nan ba, a hankali ya dinga dawowa, har yau bai cika ba. Amma daddawar Yauri ce ta fara buɗe shi. Malmala uku ya ci, Gwaggo biyu, ta ce a ƙulla mata kuka ta tafi da ita.

Ni kuwa da na mai da su na ce a raina shi ke nan, tunda hanci ya dawo, na aro sai ya koma mota. Washegari na shigo zan ɗauki makulli, ya miƙo min farar riga da farin ƙyalle na goshi. Ya nuna min gefensa a bayan katakon da baƙi suke zama a gabansa. Ya ce mutane sun yi yawa, hannu biyu ba za su isa ba. Kwanakin nan Japan ta ci Jamus, layi har titi, mutane da fenti a fuska suna waƙa. Ni Hamisu mai aji biyu ina tsaye ina yanka kifi ina dunƙula shinkafa, Japanawa suna ci suna sunkuyar min da kai.

A cikin makon ne, da azahar, Nasiru ya shigo. Baƙi uku ya kawo, manyan abokan aikinsu daga Japan, su suka nace sai wurin Murata don sun ji labarinsa. Na tabbata ya zaci in ma ina nan, ina waje cikin mota. Aka zaunar da su a gaban katako, daidai gabana. Ya ɗaga kai muka haɗa ido. Murata bai san shi ba, amma Gwaggo da take taya mu zuba shayi ta dubi fuskarsa ta dubi tawa, ta raɗa wa ƙanenta wani abu. Murata ya goge hannu ya ce wa baƙin yau Hamisu ne zai yi musu, shi ne ya zaɓo kifin da safe, kuma shekara biyu duk abin da aka ci a wurin nan da yardarsa aka ci. Babban cikinsu ya tambaye ni ƙasata. Na ce Najeriya. Ya juya wajen Nasiru da murna, ya ce ai ƙasarku ɗaya.

"Eh," in ji Nasiru. "Ƙasa ɗaya."

Na jawo shinkafa. Irin abincin nan da tafin hannu ake dunƙula shi, a ajiye a gabanka guda ɗaya, ka ɗauka nan take ka ci kafin ɗumin hannun ya bar shi. In ka bar shi ya zauna ka raina mai yi, kuma baƙinsa sun san haka, shi ma ya sani. Na dunƙula na ajiye masa. Ya duba hagu ya duba dama, ya ɗauka ya ci. Na sake ajiyewa. Guda tara na ba shi, ina ƙirgawa, kuma tun daga na huɗu ba don kunyar baƙi yake ci ba, na ga yadda yake lumshe ido. Gwaggo tana tsaye a kansa, kofinsa bai taɓa sauka rabi ba, tana zuba masa tana masa wani murmushi da ni kaina ya ba ni tsoro.

Abin da ya biyo baya kun fi ni sani, tunda kuna ɗakin Inna lokacin da wayar Nasiru ta shigo ya ce mata ƙarya ya yi, ku kuka ce min ta cire kallabi ta rufe fuska, kuma da la'asar ɗin ranar ta kira ni da bakinta ta ce Hamisu ka ci abinci? Wanda ba ku ji ba shi ne yadda aka yi ya kira, don na san ya ce muku zuciyarsa ce ta ga dama. Ba haka aka yi ba. Da suka gama ya tashi ya zaga baya wurin wanke hannu, na cire ƙyallen goshina na bi shi. Yana ganina ya fara.

"Yaya, don Allah ka rufa min asiri, mutanen nan..."

Na ce, "Ba na son Yayan nan taka, sau biyu ke nan kana fito da ita kuma duk a inda baƙo ba zai ji ba. Saurara. Yanzu ka ci abinci guda tara daga tafin hannun nan, a gidan da ka ce na giya ne, ka sha romo ka lashe baki. In haram ne, ka ci haram da rana tsaka da hankalinka, sai ka kira Inna ka gaya mata 'ya'yanta biyu sun lalace. In kuwa halal ne, ka kira ta ka gaya mata ƙarya ka yi. Ni duk wanda ka zaɓa ya yi min. Amma ɗaya za ka faɗa kafin ka bar wurin nan, in ba haka ba in fita in gaya wa baƙinka ko ni wane ne, da wanda ya saya maka takalmin jami'a. Fito da wayarka, ka sa yadda zan ji. Ka yi sauri, ina da mutane suna jira."